Kunne Ya Girmi Kaka

Ran Asabar ɗin ƙarshen watan jiya na bi jikana zuwa wani gidan rawa a nan Ebute Metta, inda shi da abokansa suke kaɗa wani kiɗa na Turawa da ake kira hebi metal, watau kiɗan ƙarfe mai nauyi. Na san masu karatu za su ce, me ya kai tsoho mai furfura kulob da tsakar dare? To, tsoro ne ya kai ni. Wata 6 ke nan in aka yi wa yaron nan magana ta bayansa sai ya waiwayo ya ce, "Na'am? Me aka ce?" Ni kuwa na san wannan tambaya sarai, gama na fi shekara 20 ina yin ta.

Da aka tashi sai masu shirya wasan suka rarraba 'yar takarda mai tambayoyi biyu. Ta fari, ko kiɗan da aka yi ya kasance iri-iri yadda ake so. Ta biyu, ko ƙarar ta yi daidai. Layi uku suka bar wa kowace amsa. Layi uku ba su isa abin da ke bakina ba, shi ya sa na nemi fili a wannan jarida.

Cikin 1974 na sauka tashar Iddo daga Kano, ina ɗan shekara 17, aka danƙa ni ga wani mai gyaran bodin mota kusa da kasuwar Oyingbo. Daga yaron gareji har na zama maigidan kaina, guduma da kwano su ne abincina, tun safe har magariba. Ba wanda ya taɓa tunanin a toshe kunne, da wani ya toshe ma da mun yi masa dariya. Yau kunnena na hagu ya mutu murus, na dama kuwa kuka yake yi dare da rana kamar gyare ya shige ciki. Likita ya ce mini can cikin kunne akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana waɗanda suke kama sauti, in ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa har abada.

Kada a ɗauka ni baƙon jita ne. Ikkon da na tarar cike take da samari masu kiɗan rok. Akwai Ofege, 'yan makarantar St. Gregory's, waɗanda faifansu na fari ya fito cikin 1973, akwai BLO, akwai Monomono ta Joni Haastrup, ga kuma Baturen nan mai ganga, Ginger Baker, wanda ya zauna a garin nan ya yi kiɗa da Fela. Mun saurare su a rediyo da garmaho muna bugun kwano. Saboda haka da jikana ya ba ni tarihin nasu kiɗan sai na ji kamar labarin dangi. A birnin Birmingham na Ingila ya tashi, garin maƙera da ma'aikatu, wajen 1970, a hannun wata ƙungiya mai suna Black Sabbath. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin ma'aikatar kwano ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Sai ya ƙera wa yatsun huluna na roba, ya sa tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sautin ya fito da kauri da nauyi. Ashe dai ɗan'uwana ne a sana'a.

Don haka na shiga ɗakin nan da kyakkyawar niyya. Ɗaki ne wanda bai fi ya ɗauki mutum 100 ba, rufin kwano, bangon siminti, an jera lasifika tun daga ƙasa har kusa da rufi. Samari da 'yan mata, Yarbawa da Ibo da 'ya'yanmu Hausawa biyu ko uku, kusan kowa da baƙar riga. Na ga ladabi a wurinsu wanda ban zata ba: aka kawo mini kujera, aka ba ni ruwan sanyi, in wani ya faɗi cikin turereniyar rawarsu nan da nan a ɗaga shi.

Waƙa uku na fari, gaskiya, sun burge ni. Mai gangar nan yana da hannu, ƙafafunsa biyu suna aiki kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Jikana kuwa, wanda a gida ko tsintsiya ba ya iya riƙewa da kyau, na ga yatsunsa suna gudu bisa tsirkiya har na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Amma daga nan sai abu ya zama ɗaya. Ƙungiya huɗu suka hau suka sauka, daga ƙarfe 10 har wajen ƙarfe 2, kowacce da gudu iri ɗaya da gurnani iri ɗaya, har na kasa gane inda wata waƙa ta ƙare wata ta soma. Da fari na ɗora wa kunnena laifi. Sai na lura matasan su kansu sun fara zamewa waje biyu biyu. Jikana ya taɓa kunna mini faya-fayan kiɗan nan a gida, na kuwa san yana da rassa: akwai mai tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, akwai mai sukuwa, akwai wanda mawaƙi yake rera murya sosai. Ina aka bar waɗannan duka? Na tambayi wani yaro a bakin ƙofa, ya ce ai an yi mai sanyin har sau biyu. To, ga inda gizo yake saƙa. An yi, amma ƙara ta haɗiye shi. In an murɗa komai har ƙarshe, mai sanyi da mai zafi duk amo ɗaya suke zama, kamar miyar da aka cika wa barkono, ba ka sanin ta kuka ce ko ta kuɓewa.

Na tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak, amma in ya taɓa shi sai taro ya yi tsit don kowa yana son ya ji. Makaɗan kalangun marigayi Mamman Shata kuwa, su da suke da ƙarfin cika fili, sun san lokacin da za su lafa su bar baki ya fita, sa'an nan su taso gaba ɗaya, tsikar jikinka ta tashi. Lafawar nan ita take ba tasowar daɗi. Ban ce yaran nan su koma kuntigi ba. Kiɗansu na ƙara ne tun asali, har an taɓa rubuta Deep Purple cikin littafin Guinness saboda ƙarar da ta kai desibel 117 a London cikin 1972. Amma maƙeri ma ba kowane bugu yake sakin guduma da ƙarfinsa duka ba, in ya yi haka sai ya huda kwanon.

Desibel shi ne ma'aunin ƙara, kuma lissafinsa yana da ban tsoro. Masana sun ce kunne yana jure desibel 85 na awa 8 a wurin aiki, amma duk ƙarin 3 sai lokacin ya ragu da rabi, har in an kai 100 abin da ya saura minti 15 ne. Cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga gidajen kiɗa: kada matsakaicin ƙara ya wuce 100, a riƙa aunawa, a tanadi abin toshe kunne, a kuma keɓe wurin da mutum zai fita kunnensa ya huta. Ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji. Wani abokin jikana ya auna da wayarsa a gaban dandali, ya nuna mini lambar tana sama da 100, yana murmushi kamar ya ci jarrabawa. Awa 4 suka yi a ciki.

Maƙwabta kuma fa? Bayan bangon nan gidajen haya ne, da jarirai da masu fita kasuwa tun asuba. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas ta yanka desibel 55 da rana, 45 da dare, a unguwannin zama, kuma cikin 2016 gwamnatin jihar ta rufe coci-coci da masallatai da otal-otal masu yawa a kan ƙara. In aka rufe wa yaran nan wannan ɗaki, samun wani a Ikko sai an sha wuya.

Kafin mu tafi na samu shugabansu, wani saurayi mai kitso har kafaɗa, na faɗa masa duk wannan. Ya durƙusa ya ce, "Baba, in muka rage, jama'a za su ce mun yi sanyi." Na ce masa ya gwada dare ɗaya: ya sa mai tafiyar raƙumi tsakanin masu sukuwa, ya ba da hutun minti 10 bayan kowace ƙungiya, ya rataya barguna a bango, ya ajiye kwanon toshen kunne a bakin ƙofa. Ya ce zai duba. Sau biyu na sa ya maimaita, kuma ban tabbata wanene a cikinmu bai ji wani ba.

A hanyar gida, muna bin titin Herbert Macaulay, jikana ya ce, "Tsoho, ka ga mijin matarka a dandali yau?" Na ce na gani, amma ya faɗa mini abin da yake ji a kunnensa yanzu. Ya yi shiru, can ya ce kamar ana busa usur daga nesa. Na ce nawa ma da haka ya fara, yakan tafi da safe, har ranar da ya zo bai tafi ba.

Ran Litinin na je kemis na sayo toshen kunne na soso, na jefa masa cikin jakar jitarsa. Kakarsa ta ce ta ga ya ciro ya jujjuya, ya mayar. An sa ranar wasa na gaba ƙarshen watan nan, na kuwa gaya masa ya tanadar mini kujerata.