Wuyan Rigar Mamana

Ranar da na fara zama a kan keken ɗinki ban ɗinka komai ba. Anti ta zare zaren, ta cire allurar ma, ta ce in yi ta taka feda har sai ƙafata ta daina mayar da keken baya. Kwana uku ina wannan aikin. Ƙawata 'yar Gwiwa da muke ɗaki ɗaya takan leƙo ta ce, "Tela, yau kilomita nawa kika yi?"

Anti ita ce matar mai gidan da muke haya a nan Kazaure. 'Yar Babura ce, aure ya kawo ta. Kekenta baƙin Butterfly ne irin na ƙafa, wanda ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ni kuwa gaskiya ba sha'awa ce ta kai ni wurinta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ake turo mini daga gida Roni ya daina kai ni ƙarshen wata, kuɗin mota da na awo da na fotokwafi suka haɗu suka yi mini yawa. Duk wanda ke zaman haya a wajen makaranta ya san abin da nake faɗa. Sai na ce bari in koyi wani abu da hannuna tsakanin lakca da lakca.

Bayan feda sai bin layi a kan takarda ba zare, sannan saka zare a kwarkwaro, sannan haɗa ƙyallayen da Anti ke tarawa a buhu. Da hannuna ya ɗan faɗa, ta ce da kayan yara zan fara. Dalilinta shi ne ba sa cin yadi, in na ɓata ba a yi asara mai yawa ba. Ni kuma abin da kunnena ya ji shi ne kayan yara sun fi sauƙi. Nan na fara kuskure, ban kuwa sani ba sai bayan wata biyar.

Yayana yana da 'ya, lokacin shekararta 4. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Mamana nake kiranta. Da azumin 2024 ya kama, Yaya ya yi ƙoƙari ya ba da saƙo Kantin Kwari aka sayo masa atamfa turmi ɗaya, yadi 6 ke nan. Matarsa za ta ɗauki 4, sauran 2 na Mamana, su yi anko. Da ya ji abin da tela ya yanka masa na ɗinki biyu, sai ya yi shiru. Ina zaune a wurin, bakina ya riga hankalina, na ce ai ni zan ɗinka na yarinyar.

"Ke, kin tabbata? Babu wani yadin fa bayan wannan."

"Haba Yaya, rigar yara ce fa."

Na ɗauko tef na auna ta yadda aka koya mini: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu. Tana ta dariya tana zillewa, sai da uwarta ta riƙe ta. Na rubuta a bayan littafin lakca na dawo Kazaure da atamfar a leda.

A goman ƙarshe Anti ta tafi Babura ganin gida, ta bar mini keken da almakashinta. Ni kaɗai na yanka. Na shimfiɗa wata doguwar rigata da nake jin daɗinta, na kalli yadda aka fitar da wuyanta da hammatarta, na rage komai daidai da ƙanƙantar yarinyar. Rigata ba ta da zif, ta kai nake zura ta, don haka na ce ita ma ba sai an sa ba. In faɗi gaskiya, ban iya sa zif ba ne, na kuma ji daɗin samun hujjar gudunsa.

Ɗinkin kansa ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Gefen rigar babba miƙaƙƙe ne, sai dai ki saki ƙafa keke ya tafi. Na yara kuwa duk kwana ce. Zagayen hannun bai fi a zura tafi ba, ki taka feda sau biyu kin wuce wurin. Sai da na farke hannun hagu sau uku, har atamfar ta fara nuna ramukan allura. Ga zafin watan Afrilu, ga ƙishirwar azumi. Amma da na gama, na yi mata tattara a ƙugu, na goge da dutsen guga, wallahi sai da na ɗauke ta hoto na sa a WhatsApp.

Ranar Talata, jajiberen Salla, na isa Roni. Bayan an sha ruwa na fito da rigar, Mamana ta yi tsalle ta ɗaga hannuwa sama. Na zura. Rigar ta sauko ta tsaya a goshinta, ta ƙi gaba. Na juya, na karkata, na danna kunnuwanta. Yarinya ta fara kuka daga cikin riga. Uwarta ba ta ce komai ba, ta dai zo ta zare rigar a hankali ta ninke ta ajiye a gefena. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fita bayan ɗaki na kira Anti. Tun kafin in ƙarasa ta fara dariya.

"Kin auna kanta?"

"Kai kuma, Anti? Ai ba hula zan ɗinka ba."

"To je ki auna yanzu, ki auna naki."

Na je na auna. Kan Mamana ya kusa inci 20. Nawa inci 22. Ƙirjinta kuwa bai kai biyu bisa ukun nawa ba. Ashe kan yaro shi ke riga sauran jiki girma, tun yana ƙarami ya kusa kamo na babba. Ni na rage wuyan rigar daidai da yadda na rage ƙirji da kafaɗa, kan da zai bi ta wurin kuwa bai ragu ba. Shi ya sa in kuka duba kayan yaran da ake sayarwa, da wuya ku ga wanda ba maɓalli a kafaɗa ko tsaga a baya, in ba mai roba ba ne. Shekara nawa ina ganinsu ban taɓa tambayar dalili ba.

Anti ta ce kada in kuskura in ƙara faɗin wuyan, zai riƙa zamewa daga kafaɗarta. In tsaga bayan daga wuya zuwa ƙasa kamar inci 4, in yanko siririn ƙyalle a karkace, ba a miƙe ba, don shi ne ke yarda ya bi kwana, in naɗe bakin tsagar da shi, sannan in yi ɗan hanci in sa maɓalli. Na ce mata babu keke a gidanmu. Ta ce, "Kafin keke da me ake ɗinki?"

Allah ya sa ragowar ƙyallen na cikin ledar. Inna ce ta ɗauko allurarta da zare, ta zauna kusa da ni a tabarma, matar Yaya ta riƙe mana fitilar waya. Hannuna na rawa lokacin da na sa almakashi a bayan rigar, don na san in na karkace shi ke nan. Na fara ɗinkin, Inna ta kalli taku uku na farko ta ce, "Wannan ai shinge kike yi," ta karɓa ta nuna mini yadda ake mayar da allura baya kafin a ci gaba, ƙanana ƙanana, har ya yi kama da na keke. Ban taɓa sanin ta iya ba. Ta ce duk kayan da muka sa muna jarirai ita ta ɗinka su da hannu. Ta yi rabi, na ƙarasa rabi, kuma har yau in an duba ana gane inda ta tsaya. Maɓalli kuwa ba mu samu mai kalar atamfar ba, sai na wata tsohuwar rigar Baba muka cire, fari fat.

Da safe, Laraba 10 ga Afrilu, rigar ta shiga. Hammatar ta ɗan kama ta, in ta ɗaga hannu karɓar barka da Salla sai rigar ta biyo ta sama, amma ta je idi da ankonta ita da uwarta. Yaya ya miƙo mini kuɗi na ƙi karɓa, ya ce to na maɓallin Baba ne.

Da Babbar Salla ta zo a watan Yuni, rigar ta ɗage mata har an fara ganin ƙwauri, ni kuma ban bar komai a kalmasa ba balle a saki. Yanzu in aka kawo mini kayan yara, don maƙwabtan Anti sun fara kawowa, nakan naɗe inci 2 a ƙasa in ɓoye. Tef ɗin kuma a kai nake fara ɗora shi, iyayen na kallona suna mamaki.