Layin Da Ya Taɓa Ɗaya

Dare ya raba lokacin da ta buga umurnin ƙarshe a manhajar R. Likitar yara ce mai neman babban digiri, ta shafe watanni tana tattaro gwaje-gwajen da wasu suka yi a kan wani magani. Ta lissafa girman tasirinsa da escalc(), ta haɗa sakamakon da rma(), sannan ta kira forest() daga kunshin metafor na Wolfgang Viechtbauer. Zanen farko ya ruɗe ta, domin layin tsaye ya faɗa a kan sifili. Ashe ta manta da atransf=exp, alƙaluman suna nan a ma'aunin logaridim. Da ta gyara, layin ya koma kan 1, inda magani bai ƙara ba, bai rage ba.

Kowane gwaji ya fito da ɗan murabba'insa, da layin kwance mai nuna tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. Ƙananan gwaje-gwaje layukansu dogaye ne, tamkar mai ba da shaida yana inda-inda. A ƙasa kuma ga siffar lu'ulu'u da ta dunƙule su duka, bakinta na dama ya taɓa layin tsayen.

Ta san zanen da ya fi kowane suna a wannan fage, wato tambarin Cochrane. Gwaje-gwaje bakwai ne a kan allurar kotikostiroyid ga mata masu shirin haihuwar bakwaini, na farkonsu na Liggins da Howie ne a Okland ta Niyu Zilan a 1972, birnin da aka ƙirƙiri R ɗin kanta. Galibinsu, ɗai-ɗai, ba su yanke hukunci ba. Da aka haɗa su sai lu'ulu'un ya tsaya sarai a hagu, alamar raguwar mutuwar jarirai. Irin wannan ta so gani.

Akwai wani gwaji guda da ke jan nata zuwa dama. Layi ɗaya na umurni zai fitar da shi, kuma da wuya kwamitin jarrabawa ya lura. Ta koma ga sharuɗɗan zaɓe da ta rubuta da hannunta tun kafin ta ga sakamako. Gwajin ya cika su duka.

Ta adana zanen yadda yake, ta rubuta a ƙarƙashinsa iyaka biyu na tazarar, da cewa amfani mai yawa yana yiwuwa, rashinsa ma yana yiwuwa. Ta aika wa malaminta kafin kiran sallar asuba.