Daga Azare Zuwa Katagum A Kan Babura: Dalilin Da Ya Sa Saƙo Ya Riga Mu Isa



Tun da labari ya bazu cewa wasu 'yan ƙungiyarmu sun tashi daga Azare a kan babura sun bi ta jeji har tsohon garin Katagum, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu na tambaya ko tsere muka yi. Wasu cikin zolaya suna cewa da alama mu man fetur bai yi mana tsada ba. Wani dattijo kuma cewa ya yi, a irin wannan zamanin wa ya aike ku ku jera babura a daji? Tambayarsa ta fi sauran nauyi, kuma ita muke so mu amsa.

Da farko dai ba tsere ba ne. Tafiya ce mai tsari, wadda ake fita tare a dawo tare. A ƙasashen waje akwai masu sha'awar irinta, har da baburan da aka ƙera dominta, masu iya titi su kuma iya daji. Mu nan mun san su, su ne dogayen baburan nan da malaman gona da ma'aikatan lafiya ke shiga ƙauyuka da su. Tayar gaba babba ce, yawanci inci 21, alhali ta Boxer inci 17 ce. Tayoyinsu masu kaushi ne, cikinsu kuma ya yi nisa da ƙasa. Wanda ya ji labarin gasar Dakar ya san irinsu. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙirƙiro gasar bayan ya ɓata da babur a hamada a 1977. Ta farko ta tashi daga Paris a ƙarshen Disambar 1978, ta ratsa ta Agadas a Nijar, kuma babur ɗin da ya zo na ɗaya Yamaha XT500 ne. A 2008 aka soke gasar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kwashe ta daga Afirka, yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yin ta. Ashe ko masu kuɗi da jirage masu saukar ungulu, tsaro ne ke yanke musu hukuncin inda babur zai bi.

Namu jejin bai kai hamada ba. Mai son ganin tuddan rairayi na gaske sai ya nufi Tulo-Tulo a Yusufari ta jihar Yobe. Abin da ke tsakanin Azare da Katagum, tazarar kusan kilomita 70 a miƙe, jigawa ce da gonaki da burtali da fadama, kuma ko'ina da mai shi.

Asalin maganar daga matasanmu ta taso. Kowa ya san wasan babur da ake yi a bukukuwan aure, ɗaga taya da sakin hannu a tsakiyar mutane, kuma babu unguwar da ba ta san wani gida da wannan ganganci ya bari da karaya ko makoki ba. An yi wa'azi, an yi faɗa, abin bai daina ba. A wani zama sai aka kawo shawarar cewa tun da yaran nan gwaninta suke so su nuna, a kai su inda gwaninta ke da amfani, inda gudu ba ya fisshe ka sai natsuwa. Iyayen ƙungiya ba su karɓa nan take ba. Sun kawo tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, sun kawo batun haɗari, sannan suka kawo babbar matsalar: me mutumin ƙauye zai ɗauka idan ya hango ƙurar babura goma sha ta nufo garinsa?

Nan kowa ya yi shiru, domin mun san amsar. A Arewa yanzu jerin babura a daji alamar tashin hankali ce. A Maiduguri an hana hawa babur tun Yulin 2011. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura sun kuma hana sayar da mai a jarka saboda 'yan bindiga. Mu kanmu a Azare ba mu manta da bama-baman 2014 ba. Alhamdulillahi yankinmu na zaune lafiya, amma rediyo da waya sun kai labarin wasu wurare kowace bukka, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Saboda haka aikin farko da aka ɗora wa ofishin sakatare takarda ce. Mako biyu kafin tafiya muka sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri, muka rubuta wa masu riƙe da garuruwan da za mu ratsa, muka faɗi rana, da yawanmu, da lokacin da muke sa ran isowa. Mutum biyu suka bi hanyar tun kafin ranar, suka gaisa da dagatai da masu unguwanni baki da baki, domin takarda ba ta isa kowane kunne. Dokokin da muka amince da su kaɗan ne. Tafiya da rana kawai. Kowa da hular kwano da riga mai ɗaukar ido. Babu jarkar mai, kowa ya cika tankinsa a gari. Idan an kusa shiga gari a rage gudu tun daga nesa, a bakin gari a kashe inji, a cire hula da ƙyallen rufe hanci, a shiga da sallama fuska a buɗe.

Babura 14 muka tashi bayan gari ya waye, hazon hunturu bai gama ɗagawa ba. Biyar ne kawai dogaye, sauran Boxer ne da aka sauya musu tayoyi. Ja-gabanmu wani ɗan ƙungiya ne da ya shekara da shekaru yana kai allurar rigakafi ƙauyukan arewacin masarautar, ya san hanyoyin kamar tsakar gidansa. An hana kowa wuce shi. A can baya kuma bakanike, da kayan faci da famfo da filogi da akwatin magani, shi ma an hana kowa ya zauna a bayansa. Doka ta uku ita ce ta riƙe tafiyar: kowa amanar na bayansa ce a wuyansa. In ka zo mararraba, ba ka karya kwana sai ka ga na bayanka ya gan ka. In ka waiga ba ka gan shi ba, ka tsaya. Na gabanka ma zai rasa ka ya tsaya, har tsayuwar ta kai ga ja-gaba.

Bayan mun wuce Gadau muka sauka daga kwalta. Kafin mu shiga yashi bakanike ya bi kowa ya rage masa iskar taya kaɗan, don tayar ta baje ta hau kan yashin maimakon ta nutse, amma bai rage sosai ba kada bawul ya tsinke. Yashi yana da nasa karatun, kuma ya saɓa wa abin da jiki ya saba. Idan kan babur ya fara rawa, zuciya cewa take ka saki totur ka damƙe birki, kuma nan take za ka sha ƙasa, domin nauyi zai koma kan tayar gaba ta tona rami. Abin da ake so shi ne ka ja jikinka baya, ko ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ka sassauta riƙon hannu, ka bar totur a daidai cikin giya ta biyu, idonka can gaba inda kake son zuwa. Birkin gaba kuwa a manta da shi. Sai a bar tazara mai yawa, saboda ƙurar na gaba tana rufe ido tana kuma toshe matatar iska.

Yaran da suka fi kowa suna a wasan biki su suka fi shan ƙasa a awa ta farko. Babu wanda ya ji ciwon kirki, faɗuwar yashi da ƙaramin gudu ba ta wuce kunya da ƙarangiya a wando. Muna tsaye muna ciro wani da ya kafe, sai ga wani bawan Allah a kan tsohuwar Boxer, buhun gero biyu a baya, yaro a kan tanki, silifa a ƙafarsa. Ya yi mana sannu, ya ratsa yashin da ya kayar da mu ko tangaɗi bai yi ba. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Hanyar da muka ware rana guda muka zo gwada kanmu a kanta, ita ce hanyarsa ta kasuwa, kuma ita za a bi da matarsa cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama.

Wajen hantsi muka hango wani ƙaramin gari. Tun kafin mu kai inda za mu kashe inji, wani yaro mai kiwon awaki ya jefar da sandarsa ya ruga yana kuka, mata biyu da ke bakin rijiya suka bar guga suka bi bayansa. Ja-gaba ya ɗaga hannu, muka tsaya cak, muka cire huluna. Shi kaɗai ya taka da ƙafa. Jim kaɗan sai ga mai unguwa ya fito da mutanensa, ya ce saƙonmu ya iso, an ma yi shela a masallaci, amma yaro da ya ji ƙarar injuna da yawa ba ya tuna shela. Ya ƙara da cewa, “Da ba ku aiko ba, da ba haka za ku same mu ba.” Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Aka kawo ruwa da fura, aka kira yaron ya zo ya ga fuskokinmu, ya karɓi sandarsa daga hannun ɗaya daga cikin matasanmu. Matashin nan har muka bar garin bai ce uffan ba.

Daga nan ba a sake tuna wa kowa dokar rage gudu ba. Haka dokar bin sawun da ke akwai: ba mu ratsa gona ba ko da an girbe, domin karan da aka bari abincin dabbobi ne, kuma shi ke riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Inda muka haɗu da garken shanu a burtali, mu muka kauce muka kashe inji har suka wuce. Mun ga gawo da kuka da goruba, mun kuma ga kututture da yawa inda itatuwa suke a da, da wuraren da rairayi ya fara hawa kan shinge. Bauchi na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin nan na dasa katangar itatuwa don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma a 2015. Wanda ya bi wannan hanya da idonsa zai gane dalilin sa mu a ciki, zai kuma gane cewa tayar babur ɗaya na iya kashe dashen da wani ya yi wata shida yana ba shi ruwa.

Da muka gangaro fadamar Kogin Jama'are sai duniya ta sauya, ga kore, ga ƙarar injinan ban ruwa. Muka bi mashigin da mutanen wurin suka nuna mana, muka shiga Katagum kafin azahar. Garin da Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19, nan ne hedikwatar masarauta kafin a dawo da ita Azare a zamanin Turawa, yanzu kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. A watan Janairun 1824 Turawa biyu da suka ƙetaro Sahara ta Borno, Clapperton da Oudney, sun sauka a garin a zamanin Sarki Ɗankauwa, kuma Oudney ya mutu a Murmur bayan sun tashi. Da yawa daga cikin matasanmu, waɗanda kakanninsu daga can suka taso, ranar ce suka fara taka garin. Muka yi salla, muka kai gaisuwa, wasu suka nemi gidajen dangi. Da la'asar muka ƙara iska a tayoyi muka biyo titi, muka iso Azare kafin magariba, mu 14 kamar yadda muka fita, da faci uku da ƙayar aduwa ta jawo.

To Baba, amsar tambayarka ke nan. Babu wanda ya aike mu, amma ba mu shiga garin kowa ba sai da izininsa. Muna kuma roƙon duk wata ƙungiya ko gungun abokai da hotunanmu suka ba su sha'awa, kada su ɗauki babura kawai su faɗa jeji. Wahalar rubuta takarda da zuwa gaida dagaci ta mako biyu ce. Abin da tsoro kan sa mutane su yi wa baƙon da ba su san da zuwansa ba, wani lokaci ba ya gyaruwa.

Kwamiti zai zauna ya duba ko za a sake fita kafin zafi ya shigo. Mai son shiga ya zo da lasisinsa da hular kwanonsa da babur mai lafiyayyen birki, matashi kuma da yardar mahaifinsa. Wanda aka sake gani yana wasan babur a biki, sunansa ya fita. Muna godiya ga masu garuruwan da suka karɓe mu, da jami'an tsaro, da iyayen ƙungiya da suka tsaya sai da aka yi abin a kan tsari.

Allah Ya ƙara mana zaman lafiya a ƙasar Katagum da Arewa baki ɗaya, Ya kawo ranar da yaro zai ji ƙarar babura ya fito kallo. Amin.

Sakataren Ƙungiya, Azare.