Disamba a Ƙasar Kabi

Da Nuwamba ta raba tsakiya, hirar ma'aikata a Kano takan koma kan abu guda: ina za a yi hutun ƙarshen shekara? Mai hali ya ce Umara, ko Dubai, ko Alƙahira. Mai matsakaicin ƙarfi ya ce zai kai yara Yankari su yi wanka a Wikki, ko Abuja wurin dangi. Matasa kuwa suna ta miƙa wa juna waya ana kallon bikin Kalaba da cinkoson Legas. Ni ma ina da nawa jerin wuraren da nake burin gani tun da sauran ƙarfi, kuma a duk wannan lissafi ban taɓa jin wanda ya ambaci Birnin Kebbi ba. Argungu takan shigo zance, amma a hoto kawai: dubban mutane cikin ruwa, kowa da gora da homa. Sai na ƙudurta in je in ga garin da ke bayan hoton, a watan da ba biki, ba 'yan jarida, ba jerin motocin manya.

Hanyar doguwa ce. Daga Kano sai Funtuwa, sai Gusau, sai Talatar Mafara, sai Sakkwato, sannan a karkata kudu maso yamma zuwa Argungu. Direbobin tasha ba sa wasa da dokarsu a wannan zamani: a fita da asuba, a ratsa Zamfara da rana tsaka, kada magariba ta riski kowa a daji. Mai kuɗin jirgi yana iya sauka filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, dab da Birnin Kebbi, amma zai rasa abin da ya fara ba ni mamaki.

Tun daga Kano idona ya saba da launi ɗaya. Hazo ya rufe sama, an girbe gonaki, karan dawa ya bushe, ƙasa da itace da rigunan mutane duk sun yi furu-furu. Muna gangarowa kwarin Rima sai ga kore. Fadama ce shimfiɗe iyakar ganin ido, an yanka ta fala-fala, wasu an cika su da ruwa, wasu ana kan kafta, ga irin shinkafa da aka rena ya yi shar yana jiran dashe. Ƙarar injin ban ruwa na tashi ta ko'ina. Maza sun naɗe wando zuwa gwiwa cikin laka, da wannan sanyin da ni ina cikin mota ma sai da na ja rigar sanyi har wuya.

Na baro gida da tunanin cewa Disamba watan sauke kaya ne: a rufe makarantu, a rufe littattafan ofis, a yi bukukuwan aure, a huta. A nan kuwa watan ɗaukar kaya ne. Noman rani ke farawa, kuma manomin da ya yi sakaci da waɗannan makonni zai ji a jikinsa ranar girbi. Da na tambayi wani matashi da ke gyara bututun injinsa ko yana da shirin zuwa wani wuri a ƙarshen shekara, sai ya dube ni da mamaki irin wanda nake dubansa da shi. Ya ce, "Yallaɓai, in na tahi, wa ka ba shinkahwa ruwa?" Sai da na yi shiru. Wa ya ce ƙarshen shekara lokacin hutu ne? Kalandar ofis ce ta faɗa, mu kuma muka karɓa har muka ɗauka haka duniya take. Kakana manomi ne, kuma nasa hutun bayan an kai amfani rumbu yake zuwa, ba ruwansa da 31 ga wata.

Mu ma muna da shinkafa a Kura da Kadawa, amma namu ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa ta magudanan da aka gina, manomi ya buɗe ya rufe. A fadamar Kabi kowa da 'yar rijiyarsa ta burtsatse da injinsa, saboda haka kuɗin fetur na cikin lissafin kowane buhu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 zancen ke nan a bakin manoma, wasu har sun koma injin mai aiki da hasken rana. Da damina kuma ruwan da suke nema da kuɗi yanzu shi ke zuwa ya yi yawa. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, kuma har yau in aka ambace ta sai ka ga fuska ta canza.

A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoma rance a Nuwamban 2015. Shekara guda bayan nan, a Disamban 2016, gwamnatocin Legas da Kebbi suka fitar da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice, a lokacin ana sayar da buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000 ga mutanen Legas masu shirin Kirsimeti. Ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Ashe shagalin da matasanmu ke kallo a waya, wani ɓangare na tukunyarsa daga wannan lakar yake fitowa.

Na isa Matan Fada da hantsi. Shi ne yankin gulbin da ake gasar kamun kifi ta Argungu, kuma ban taɓa tsammanin zan same shi haka tsit ba. Ruwa kwance, faɗinsa bai kai yadda hoto ke nunawa ba, ga matattakalar da 'yan kallo ke zama babu kowa. Wani dattijo da ke zaune a gefe ya amsa sallamata, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, mi yak kawo ka yanzu, ga shi lokacin su bai yi ba?"

Na ce, "Baba, garin na zo gani."

Ya gyara mini wuri kusa da shi. Daga bakinsa na fahimci abin da hotuna ba sa faɗa. Wannan yanki na ruwa ba a taɓa shi sai ranar gasa. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, kuma su ke tsare dokar. Sai sun ba da izini ake shiga. Kifi yana samun watanni yana girma ba mai damunsa, shi ya sa giwan ruwa ke kai girman da ake gani. Wanda ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, kuma da homa da gora aka fito da shi, ba da jirgi mai inji ba. Na zauna ina kallon ruwan ina tunanin tafkuna da kududdufan da na sani a ƙasarmu, inda ake sa raga mai ƙananan ido a kwashe har 'ya'yan kifi, a dawo baɗi ana kukan babu. A nan al'ada ce ta yi abin da takardar doka ta kasa yi a wurare da yawa. A duk faɗin kwarin, wanda na tarar yana hutun ƙarshen shekara shi ne gulbin.

Bikin kansa yana da asali da ya fi kifi nauyi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa gagarumin su don karrama shi. Ziyarar ita ta rufe gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabawa. Daga nan abin ya zauna, aka ƙara masa kokawa da dambe da wasannin ruwa da ake kira kabanci, da baje kolin amfanin gona. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2016, alhali a lokacin ma an yi shekaru ba a gudanar da shi ba. Sai a Maris na 2020 aka dawo da shi.

Gabar da aka rufe ɗin, a Gidan Tarihi na Kanta na ga nauyinta. Tsohuwar fadar sarakunan Argungu ce, sun zauna cikinta har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma a nan ake binne su. Ɗan Kano da ya san Gidan Makama zai ji kamar ya san wurin: kaurin bango, zaure bayan zaure, sanyin ɗaki. Amma kayan da ke ciki wani labari suke bayarwa. Masu da takubba da kwari da baka, sulke, tambura, layu, ga kuma kayan su. A makarantar firamare an koya mana Hausa bakwai da banza bakwai, aka sa Kabi a kashi na biyu, muka haddace muka wuce ba mu tambaya ba. Ga shi kuwa ƙasar da Muhammadu Kanta ya kafa wajen 1516, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya kuma tsaya da ƙafarsa; ganuwar birninsa Surame, ta dutse, tana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa ba su miƙa wuya duka ba. Sun sake kafa sarautarsu a Argungu, Yakubu Nabame ya ɗaga tuta a 1849, kuma suka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Na fito daga gidan ina jin haushin wancan darasi na firamare. Yaro ɗan Kano ya cancanci a gaya masa wannan tarihi da sunansa na gaskiya.

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi tafiyar ba ta da nisa, amma ka tashi daga masarauta ɗaya ka shiga wata. Birnin Kebbi mazaunin Sarkin Gwandu ne, fadar ma sunan Abdullahi Fodiyo take ɗauke da shi, kuma ita ce hedikwatar jihar tun da aka yanke ta daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Masarautu huɗu ne a jihar: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Garin bai da hayaniya. Na tsaya bakin titi ina jiran cinkoson yamma irin na Ƙofar Nasarawa, bai zo ba. 'Yan kabu-kabu na ta kai-kawo da fasinja a babur, abin da muka rabu da shi a Kano tun 2013. Da dare sanyin gulbi ya sauko, masu shayi suka cika, kunnena na tsintar Zabarmanci da Fulatanci a tsakanin Hausar, domin jihar ta yi iyaka da Nijar da Benin. Na ci tuwon shinkafa da kifi banda a wata rumfa kusa da kasuwa, mai abincin tana ta ƙara mini miya tana cewa baƙo ba ya tashi da yunwa a garinsu.

Washegari na nufi Gwandu don ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A nan ne na tuna wani abu da ya haɗa shi da garinmu. Ana tsakiyar jihadi, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutane, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanen gari suka riƙe shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki, sannan ya koma gida. Malamanmu na zaure suna karanta littattafansa har gobe. Nawa ne daga cikinmu, da muke tara kuɗin jirgi shekara da shekaru, suka taɓa zuwa inda yake kwance?

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ƙasar ba ta shirya wa baƙon da ya zo ba lokacin biki ba. Allunan nuna hanya sun yi kaɗan, ba ka samun 'yar takardar da za ta gaya maka me za ka gani da ƙarfe nawa ake buɗewa, kuma a masaukin da na sauka ma'aikacin ya yi ta mamakin wai yawon buɗe ido ya kawo ni. Kusan duk abin da na gani, da tambaya na same shi, da kirkin mutanen da suka bar aikinsu suka raka ni. Wannan kirki dukiya ce, amma bai kamata a bar masa aikin duka ba. Jihar da ke da Matan Fada da Gidan Kanta da Gwandu, ga albasar Aliero da kasuwar Jega, ga bikin Uhola na Zuru da Rigata ta Yawuri, tana da abin da za ta riƙe baƙo mako guda a kowane wata na shekara.

Kai da ke rubuta jerin wuraren zuwa a wannan Disamba, ka sa Argungu da Birnin Kebbi a ciki, ka tafi da yaranka su ga inda shinkafar da suke ci take fitowa. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri, ka yi tafiyarka da rana. In kuwa gasar kifin kake so ka gani da idonka, sai ka ajiye wani abu daga kuɗin hutun, ka saurari sanarwar masarauta, domin a Fabrairu ko Maris aka saba yin ta.