Kyamara Marar Madubi da Ƙurar Daura: Abin da Na Saya da Dalilina

Tun da na fara saka hotunan hawan Gani da na bakin kasuwa, mutum huɗu daga cikinmu suka biyo ni da tambaya iri ɗaya: wace kyamara ce wannan, kuma in mutum zai saya, da me zai fara? Da yake makon nan layi ya zo kaina, na ga gara in amsa a fili, ko wani zai tsinci abin amfani. Ni ba mai hoton sana'a ba ne. Malamin makaranta ne a Daura, mai rubuta gajerun labarai da daddare, kuma kuɗin kyamarar nan kwasar adashi ce ta wata 12. Wanda ya tara kuɗinsa haka ba ya shiga kasuwa da ka.

Abin da ya tura ni neman kyamara kawuna ne. Shekaru da yawa yana hawa cikin tawagar wani hakimi duk Sallah da Gani, yanzu kuwa gwiwa ta fara ba shi matsala, har 'ya'yansa na roƙonsa ya haƙura. Shi ne ya san yadda ake ɗaura sirdi ba tare da doki ya ji ciwo a gadon baya ba, ya san wace jalala ake shimfiɗawa ranar Sallah, wace ake ajiyewa sai Hawan Magajiya, ya san linzamin da ya dace da doki mai taurin baki. Na sha zama in rubuta waɗannan abubuwa, amma akwai ilimin da ke cikin hannu, wanda alƙalami ba ya kamawa sai an ga yatsun suna aiki. Wayata tana ɗaukar hoto, sai dai da asuba a bargar doki duhu ya fi ƙarfinta, kuma da zarar na jawo abu daga nesa sai hoton ya dagule.

Akwai kuma wani dalili. Ranar 15 ga Yuli 2025, da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, Daura ta cika da kyamarorin gidajen jarida na gida da na waje. Kwana kaɗan suka naɗe kayansu suka tafi. Haka abin yake kullum: baƙo yana ɗaukar garinmu ne a ranar da ya cika, ba ya ganin sa ranar Talata da hantsi, lokacin da dukawa ke yanka fata, mai fura na dama, almajirai na wanke allo. In mu 'yan gari ba mu ajiye wannan ba, babu wanda zai zo ya ajiye mana.

To mece ce kyamara marar madubi? Manyan kyamarorin da muka saba gani hannun masu hoton biki, waɗanda ake kira DSLR, suna da madubi a ciki wanda ke karkato haske zuwa idon mai ɗauka. In ka danna, sai madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato faifan da ke kama hoton. Sabuwar ƙirar ta cire madubin. Haske na sauka kai tsaye kan sensa, kai kuma kana kallon hoton a ƙaramin allo, da haskensa da duhunsa, tun kafin ka danna. Kamfanin Panasonic ne ya buɗe wannan hanya a 2008 da Lumix G1, Sony ta fito da A7 mai babbar sensa a 2013, sannan Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018 da jerin EOS R da Z. Yau kusan duk sabon aikin waɗannan kamfanoni ya koma wannan ɓangare.

Masu bitar kaya a intanet yawancinsu suna zaune ne a Turai da Amurka, kuma abin da ke damunsu ba shi ke damunmu ba. Ni abu uku na sa a gaba, dukansu na nan gida.

Na farko ƙura. Da yake babu madubi a gaba, da zarar ka cire gilashin kyamara, a yawancin samfura sensa na nan tsirara tana kallon ka. Ka tuna hazon hunturu, ka tuna ƙurar da dawakai ke tayarwa a ƙofar fada in an zo jafi, ko ta kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Canza gilashi a irin wannan wuri kamar buɗe ƙwaryar nono ne a tsakiyar guguwa. Shi ya sa na yanke shawarar gilashi ɗaya mai zuƙowa, daga milimita 18 zuwa 135, wanda zai ɗauki faɗin fili ya kuma jawo fuskar mahayi, ba sai na buɗe komai a waje ba. In zan canza, sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Na biyu zafi. Littafin da ke zuwa da yawancin waɗannan kyamarori yana cewa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a bazara, watan Afirilu da Mayu, muna haura haka. Hoto ba ya damuwa sosai, amma bidiyo mai nauyi irin 4K yana ɗumama ƙaramar kyamara har ta kashe kanta. Maganin ba kuɗi ba ne: ɗauki gajeru-gajeru, janye allon daga jikin kyamarar don iska ta shiga, ka lulluɓe ta da farin ƙyalle in kana jira a rana, kuma ka sani cewa bidiyon 1080 ya ishi abin da za a kalla a waya.

Na uku wuta. Kyamara marar madubi ta fi tsohuwar ƙira cin batir, domin allonta a kunne yake kullum. A garin da ba ka da tabbas za a kawo wuta daren jajibiri, sai ka nemi wadda ake caji ta USB, yadda fawa bank ko ƙaramar sola za ta ishe ta.

Da waɗannan a raina na jera waɗanda aljihuna zai iya kaiwa, duk masu matsakaiciyar sensa da ake kira APS-C, domin masu babbar sensa gilasansu sun fi tsada da nauyi. Canon R50 ta 2023 tana da sauƙin koyo, kuma tana da wata fa'ida da ba a faɗa a bita: yawancin masu hoton bikin da na sani Canon suke riƙewa, kuma da ɗan zoben haɗi za ka iya ɗaura tsofaffin gilasansu a kanta, ka ara ko ka saya da rahusa. Sony a6400 ta 2019 ta yi suna wajen kama ido da bin abu mai motsi. Sai dai su biyun ba su da abin da ke kwantar da rawar hannu a cikin jikinsu. Fujifilm X-S10 ta 2020 tana da shi, Sony a6600 ma tana da shi, ga babban batir da ke kai kusan ninki biyu na na a6400, ga ramin saka abin kunne don ka ji sautin da kake ɗauka. Gargaɗi ɗaya: in aka miƙo maka Canon ta jerin EOS M da farashi mai daɗi, ka sani kamfanin ya daina wannan layi, kuma gilasanta ba sa hawa kan jerin R. Araha ba ta ado.

Na ɗauki a6600 ta hannu a Kano. Na tafi da wani abokina mai hoton biki, muka duba adadin dannawar da aka yi da ita, muka ɗauki farin bango da ƙofar haske a tsuke, a f/16, don tabon ƙura ko ƙarzuwar sensa ya fito fili, muka saka namu katin memori, muka bar ta tana ɗaukar bidiyo minti 20 muna hira da mai shago. Sai da ta ci wannan jarrabawa na ƙirga kuɗi. Kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton kaya.

Yanzu ga inda gardama take, batun gimbal, wato sandar nan mai injuna uku da ke riƙe kyamara ta hana ta girgiza. Dabarar tsohuwa ce: Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam a tsakiyar shekarun 1970 don finafinan Amurka, sannan kamfanoni irin su DJI da Zhiyun suka mai da ita ƙarama da batir. DJI RS 3 Mini, misali, nauyinta bai cika kilo 1 ba, tana kuma ɗaukar kaya har kilo 2. Duk wanda ya ga bidiyon biki yana tafiya sumul kamar a kan ruwa, zuciyarsa za ta so ta. Ni ma ta so. Amma na zauna na rubuta abin da zan riƙa ɗauka, na tambayi kaina a cikinsu guda nawa ne ke bukatar in yi tafiya ina ɗauka.

Kawu yana ɗaura sirdi: ni a tsaye nake wuri ɗaya. Hira da tsoho: a zaune muke. Cikin ginin rijiyar Kusugu, inda haske ya yi ƙaranci: abin ba ya motsi, hannuna ne ke rawa, kuma wannan aikin mai kwantar da rawa na cikin jikin kyamara ne. Sukuwar dawaki: a nan ana tsayawa ne a gefe, a zuƙo gilashi, a bi doki da juyawar ƙugu. Gimbal ba ta son dogon gilashi, kuma duk lokacin da ya miƙe ma'aunin nauyin da ka daidaita yana gocewa. Ga cunkoso, ga dogarai na kora mutane baya, ga 'yan bindiga na sakin wuta, hannunka biyu kuma a ɗaure da sanda. Abin da ya fi dacewa da wannan wuri shi ne sanda mai ƙafa ɗaya: ba batir, ba inji, ka kafa ta ka ɗaga ta cikin daƙiƙa, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ga hoto, saurin rufewar ido na 1/1000 ne ke daskarar da kofato a sama, ba wata na'ura ba. Ga bidiyo, firam 25 da saurin 1/50 ya dace da wutarmu, amma a ranar Daura sai ka ɗaura baƙin gilashi mai rage haske.

Inda gimbal ke da ranarta shi ne in za ka bi mutum ta cikin lungu, ko ka taka daga ƙofar fada zuwa Kusugu kana nuna wa mai kallo hanya. A lissafina wannan bai fi ɗaya cikin goma na aikina ba. Don haka kuɗinta na raba uku: ƙaramin makirufo, batir na biyu, da mai ƙafa ɗaya. Ranar da nake son ɗaukar tafiya, sai in ari ta abokina, ko in buɗe gilashi a faɗinsa, in manna gwiwar hannu a haƙarƙari, in taka a hankali.

Makirufon nan shi ne abin da ya fi biya na. Mutum zai jure hoto mai ɗan rawa, amma ba zai jure sautin da iska ta cinye ba. Mu kuma marubuta, murya ita ce jarinmu. Ranar da na fara ɗaukar Kawu, ya dubi abin da na maƙala masa a wuyan riga ya ce, "Kai ɗan nan, doki za ka ɗauka ko ni?" Na ce, "Kawu, ku biyun, amma ku ne mai magana." Ya yi dariya, ya ci gaba da aikinsa yana bayani, ya kira sunayen kayan doki da ban taɓa ji ba duk da a gidan na tashi. Daren nan na saurari faifan sau uku da littafi a hannu, na fito da shafi shida na kalmomi da salon magana. Biyu daga cikin labaran da na rubuta bana daga nan suka fito.

Akwai ladabin da babu kamfanin da ke sayar da shi. Kada ka ɗaga kyamara a fuskar mutum ba ka yi sallama ka nemi izini ba, musamman mata da yara. A fada, tun daga Mai Martaba Sarkin Daura, wanda ke kan karaga tun 2007, har zuwa hakimansa na Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, akwai tsari da masu kula da shi. In aka ce ka tsaya can, can za ka tsaya. Wanda ka ɗauka kuma ka mayar masa da hotonsa, ko a waya ko a wanke. Wannan ne ke buɗe maka ƙofa karo na biyu.

Ga wanda ke shirin saya, shawarata ke nan. Ɗauki takarda ka rubuta abu goma da kake son ajiyewa a garinku, da sunayensu da lokacin da ake yin su. Duba nawa ne a duhu, nawa ne daga nesa, nawa ne ke bukatar murya, nawa ne ke bukatar tafiya. Takardar ce za ta gaya maka jiki da gilashin da za ka nema, da ko gimbal ta zama dole. In lissafin ya nuna wayarka ta isa, ka sayi makirufo ka fara gobe, domin tsofaffin da kake son ɗauka ba za su jira adashinka ya zagayo ba.

Allah ya ba mu ikon ajiye abin da muka gada, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mun haɗu a wani makon.