Abin da Mai Awaki Ta Rubuta

Jama'a, manoma da makiyaya, ga wani labari daga Anu Araren. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta shi kuma inda mata ke ji.

Anu Araren yana ƙasar Cirozerin, cikin jihar Agadas. A harshen Tamajak, "anu" rijiya ke nan, kuma da can makiyaya ne suka san wurin. A 1975 aka kafa kamfanin Sonichar don haƙar gawayin ƙasa. Da gawayin nan ake yin wutar lantarki da ke zuwa Agadas da garuruwan uraniyom, wato Arlit da Akokan. Tun da aiki ya buɗe a arewa, mutane suka yi ta zuwa daga kudu: Adarawa, Gobirawa, Damagarawa, Zabarmawa. Namiji ya zo da ƙarfinsa. In ya samu abin hannu sai ya koma gida ya ɗaura aure, ya sa amarya a mota, ya kawo ta.

Haka aka kawo wata yarinya Ba'adara. Ba za a faɗi sunanta ba, don tana nan da ranta, ƴaƴanta kuma suna tasowa. An yi mata aure tana da shekara 15. Wannan ba baƙon abu ba ne: binciken da aka yi a 2012 ya nuna cikin mata 100 na Nijar, 76 an aurar da su kafin su kai shekara 18. Mijinta lebura ne wajen ƴan kwangila a Akokan. Sun zauna lafiya, ta haifi ɗiya biyu. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar Cominak, aikin ƴan kwangila ya tsaya. Ya tafi neman zinariya Cibarakatan. Ya dawo babu zinariya, sai bashi da shan tramol. Suka sauko Anu Araren neman aikin yini, suka kama hayar ɗaki guda a bakin gari.

Nan duka ya fara. Kada wani ya ce talauci ne. Maza da yawa sun rasa aiki a shekarar nan, ba su taɓa ɗaga wa matansu hannu ba.

A Adar, in miji ya bugi mata, kowa ya san abin da za ta yi. Sai ta yi yaji, ta tafi gidan ubanta. Miji ya zo biko da dattawansa, ya duƙa, ya sha faɗa gaban surukai. Kunyar ranar nan kaɗai tana hana maza da yawa sakewa. Wajen Abzinawa makiyaya kuwa, bukka ta mace ce. Uwarta da danginta suka yi mata ita. In zama ya ƙi, namiji ne zai ɗauki sirdinsa ya fita. To, Ba'adarar nan fa? Gidan ubanta ya fi kilomita 400, ba ta da kuɗin mota. Ɗaki kuma na haya ne, da sunan miji. Babu yaji, babu bukka. Mace irin wannan, a garin aiki, ba ta da gidan uba sai hukuma. In hukuma ba ta da ƙarfin tsaya mata, to, marainiya ce ko da iyayenta suna raye.

Maƙwabciyarta wata dattijuwa ce Ba'abziniya. Farin 1984 ya cinye dabbobinsu, suka matso kusa da gari. Yanzu tana da ƴan awaki, tana sayar da cuku, shi ya sa ake ce mata mai awaki. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci bayan ta wuce shekara 50. Karatunta a hankali ne, tana bin baƙi da yatsa. Amma ta iya rubuta kwanan wata, kuma tana da kaye guda inda take rubuta waɗanda suka ci bashin cuku.

Wani dare ta ji kuka ta bayan katanga. Da safe ta ga idon yarinyar ya kumbura.

Ta ce, "Ɗiyata, me ya samu idonki?"

"Inna, ƙofa ce na buge."

Mai awaki ba ta ce kome ba. Ta koma bukkarta, ta juya kayen ta baya, ta rubuta ranar, ta rubuta "ido". Bayan sati uku ta rubuta wata rana, ta rubuta "baki". Ba wanda ya sa ta. Ita dai ta saba: abin da ba a rubuta ba, mai bashi yana iya cewa bai ci ba.

Sau uku mai awaki tana jan yarinyar zuwa wajen mai unguwa. Dattijo ne mai kirki, ba a raina shi. Kowane zuwa sai ya aika a kira mijin, ya yi masa faɗa, ya kawo masa maganar Allah da Annabi. Miji ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, sharrin shaiɗan ne, sau ɗaya ne, ba ni ƙarawa." Mai unguwa ya juya wajen matar ya ce, "Ɗiyata, yi haƙuri, zaman aure sai da haƙuri." A tashi. Ba a rubuta kome ba. Saboda haka kowane zuwa kamar na fari ne.

Alhali doka ta tsara abin. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna da masu gari ikon sasanta mutane cikin al'amuran al'ada, kamar aure da gado da gona. Ta kuma ce a rubuta sulhun cikin babban littafi, ko an shirya ko ba a shirya ba, a aika wa hukuma da alƙali. Mai unguwar nan ba shi da littafi, ba shi da magatakarda, shi kansa bai iya karatun boko ba. An ba shi kaya, ba a ba shi jaki ba. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa inda ikonsa ya tsaya. Jin rauni da zubar jini ba maganar sulhu ba ce. Wannan na alƙali ne. Dokar hukunta laifi ta Nijar, ta 1961, wadda aka gyara a 2003, ta hukunta duk wanda ya bugi wani da gangan ya ji masa ciwo. Ba ta ce "ban da miji" ba. Fyaɗe kuwa ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne, in yarinyar ba ta kai shekara 13 ba ya fi haka.

Layi na 9 cikin kayen shi ne "hannu". Da taɓarya ya buge ta, hannun dama ya karye. Aka kai ta likita. Layi ya yi tsawo, ɗakin ba shi da ƙyaure, maza suna zaune suna ji. Da aka tambaye ta sai ta ce faɗuwa ta yi bakin rijiya. Aka ɗaure hannu, aka sallame ta. Wace mace ce za ta tona asirin ɗakinta gaban maza goma?

Mai awaki ta ce wannan karon sai gaban hukuma. Suka tafi wani ofis. Mutumin da suka tarar bai ko ɗaga kai sosai ba. Ya ce maganar aure ce, su koma wajen mai gari. Da dattijuwar ta matsa, sai ya ce, "Ina takardar likita?" Takardar nan ita ce shaidar da likita ke rubutawa, mai faɗin irin ciwon da kwana nawa zai hana mutum aiki. Da ita alƙali ke auna girman laifi. Su ba su san da ita ba. Da suka tambaya aka ce sai da kuɗi. Suka dawo gida da rana tsaka, yarinyar tana cewa, "Inna, ki bar shi, haka Allah ya so."

Mai awaki ta sayar da ɗan akuya. Bayan kwana 4 suka koma.

Ranar nan wani ma'aikaci dabam suka tarar, wanda aka taɓa aikawa horo kan kare mata da yara. Dubi bambanci. Ya sa su wani ɗaki, ya rufe ƙofa. Ya aika aka kira wata mace ma'aikaciya ta zauna kusa da yarinyar. Ya ce, "Baiwar Allah, faɗi abin da kike iya faɗi, ba mai jin ki sai mu." Ta yi shiru, ta yi kuka, sannan ta yi magana. Mai awaki ta kwance bakin zanenta ta fid da kaye. Ya bi shi layi layi, ya kwafe cikin takardarsa. Ya rubuta wa likita takarda da hatimi, cewa hukuma ce ke neman a duba wannan mata.

Aka kira mijin. Ya fara waƙarsa ta kullum, sau ɗaya ne, shaiɗan ne. Ma'aikacin ya karanta masa ranar fari: ido. Rana ta biyu: baki. Har 9. Tun wajen ta biyar mutumin ya daina magana.

Magana ta je gaban alƙali. Ita matar ba ta so a ɗaure shi da daɗewa, don in yana gidan kaso wa zai kawo hatsi? Wannan tsoro shi ke sa mata da yawa janye ƙara, kuma ba wauta ba ce. Aka yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka: ya koma gida, amma in ya sake, zai yi wancan ɗauri ya haɗa da sabo. Daga ranar bai ƙara taɓa ta ba. Ko halinsa ya gyaru, Allah ya sani. Abin da ke fili, ya san sunansa yana cikin littafi.

Amma hannun bai miƙe daidai ba. Ba ta iya daka, ba ta iya jan guga. Da a layi na 2 aka tsai da abin, da hannunta yana nan.

Ba ita kaɗai ba ce. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a 2021 ya nuna cikin mata 100 na Nijar, 38 sun taɓa gamuwa da cin zarafi irin wannan: duka, ko fyaɗe, ko auren dole, ko zagi da hana abin masarufi. Maza ma akwai, 16 cikin 100. Hukuma kuwa ba zaune take ba. An buɗe sashen kare mata da yara wajen ƴan sanda da wajen jandarmomi. Dokar 2011 ta kafa ma'aikatar da ke taimakon marasa ƙarfi wajen shari'a, har ta sa macen da aka ci zarafinta cikin waɗanda za a tsaya wa ba da kuɗinsu ba. A 2019 aka yi dokar kafa kwamitin kare yara har cikin ƙauyuka. A shekarar nan kuma aka fara babban shirin Spotlight, na Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Turai, wanda ya horar da ma'aikata da sarakuna. Sai dai jiha 4 aka zaɓa masa: Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Agadas ba ta ciki.

Ga shi kuwa jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar girma. Matar da ke zango bayan duwatsun Abzin, ko mai aikin garka cikin ƙorama, kwana nawa za ta yi kafin ta ga ofis? Ma'aikaci kuma in ba mota, ba mai, yaya zai je ya gani? Doka tana Yamai cikin takarda, duka yana bayan katanga.

Abin da ya fi damuwa cikin labarin nan shi ne sa'a. Ofis ɗaya, kujera ɗaya, mutum biyu: ɗaya ya kore ta, ɗaya ya cece ta. Da ranar komawarsu na farin suka sake tararwa fa? Kuma wanda aka horar, gobe ana iya sauya masa wurin aiki, ya tafi da saninsa. Bai kamata ran mace ya rataya ga wanda ke kan kujera ran nan ba. Horon nan a yi wa kowa, tun daga makarantar koyon aikin, har mai tsaron ƙofa. Haka ma'aikatan likita: su samu ɗaki mai ƙyaure, su koyi sake tambaya in mace ta ce ƙofa ce ta buge ta. Takardar likita kuma a ɗauke wa matar da aka buga kuɗinta, don mai riƙe da kuɗin gida shi ne wanda ya buge ta. Ba kowace mace ke da maƙwabciya mai ɗan akuyan sayarwa ba.

Sauran aikin kuwa bai kai kuɗin buhun gero ba. Kowane mai gari da mai unguwa da shugaban zango a ba shi littafi, a ba shi mai rubuta masa. Ina za a samu masu rubutu? Suna nan, su ne ke riƙe da jaridar nan. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci ya iya rubuta suna da rana da abin da aka yi. Miji in ya san zuwa na fari an rubuta, na biyu za a aika gaba, zai yi tunani kafin ya kai hannu ga taɓarya.

Amma a yi hattara. Wannan rubutu amana ne, ba na hira ba ne a bakin kasuwa. Mai awaki wata 7 tana rubutu, ko ƴaƴanta ba su sani ba. Ba ta nuna wa mijin ba, ba ta je ta yi faɗa da shi ba, kuma ba ta fid da kayen ba sai da mai ciwon ta yarda.

Da labari ya kai ga mai unguwa, abin ya dame shi, don shi ne ya ce a yi haƙuri har sau uku. Ya aika Agadas aka sayo masa babban littafi da kuɗinsa. Wani matashi mai kiwon raƙuma, wanda suka yi aji ɗaya da mai awaki, shi ke zuwa ran Juma'a bayan masallaci yana rubuta masa. Shafi na fari maganar awaki ce da suka shiga garkar albasa. Shafi na 3 sunan wata mata ne, da sunan mijinta, da rana.

Ba'adarar kuwa ta shiga aji bana. Da hagu take riƙe alƙalami. Ta iya baƙaƙe 12, kuma mai awaki ta yage mata takarda 4 daga tsakiyar kayenta.