Ziyararmu Dajin Bobiri: Faɗa-Wuta Mai Rigar Ɓawo

Da yawa daga cikinmu mazauna zangon Kumasi mun sha wuce Kubease a mota a hanyar Ankara, amma kaɗan ne suka taɓa sauka. Mu ma ba mu taɓa ba, sai ranar wata Asabar da muka ɗebi ɗalibanmu muka nufi dajin Bobiri, wanda ke da nisan kimanin kilomita 30 daga Kumasi. Bayan mun wuce Ejisu, garin Yaa Asantewaa, sai muka bar kwalta a Kubease muka bi hanyar ƙasa har cikin daji.

Dajin nan faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 54, kuma hukumar binciken gandun daji ta Gana tana gudanar da bincike a cikinsa. Abin da ya yi suna da shi shi ne malam-buɗe-littafi, domin akwai iri wajen 400. Da shigarmu muka ji sanyi kamar an buɗe randa. Itatuwa kuwa sai mutum ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi kafin ya hangi ƙarshensu. Da ɗan jagoranmu ya nuna wani ya ce Tonawa na kiransa wawa, yara suka yi ta dariya, wai yau sun ga wawan da ya fi kowa tsawo.

To, amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba mai ado ba ne. Jagoran ya tsayar da mu gaban wani itace ya ce mu faɗa masa abin da muka gani. Muka duba, muka sake dubawa, ba mu ga komai ba sai ɓawo. Da ya kai tsinke kusa, sai wani ɓangare na ɓawon ya motsa ya tashi sama. Ashe faɗa-wuta ne, irin wanda ke zuwa mana wurin fitila da dare, ya shimfiɗa fikafikansa ya lafe. Launinsa da zanensa duk na ɓawon ne. Da haka yake wuni lafiya, tsuntsaye na wucewa ta kansa.

Nan wata yarinya ta ce, "Malam, shi ma rikiɗa yake yi kamar hawainiya?" Muka ce a'a, da rigar da ya fito da ita zai mutu. Sai muka zauna a inuwa muka ba su labarin wani ɗan'uwansa na ƙasar Ingila, wanda masana suka bi diddiginsa sosai.

Shi wannan, wanda masana ke kira Biston betularia, fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa masoro. Idan ya kwanta a kan reshe mai farar gansakuka ba ya ganuwa. Da masaƙu suka yawaita a birnin Manchesta, hayaƙin kwal ya kashe gansakukar, kunkunniya ta baƙanta itatuwa. A shekarar 1848 aka kama wani baƙi ƙirin a birnin, abin da ya zama abin mamaki a lokacin. Kafin 1895, kashi 98 cikin 100 na waɗanda ke Manchesta baƙaƙe ne. Ba rina fararen aka yi ba. Tsuntsaye ne suka riƙa hango su a kan baƙin ɓawo suna cinyewa, baƙaƙen kuwa suka tsira suka hayayyafa.

Wani masani mai suna Bernard Kettlewell ya gwada wannan magana. A 1953 ya saki farare da baƙaƙe a wani daji kusa da Birmingham inda hayaƙi ya yi yawa, a 1955 kuma ya yi haka a Dorset inda iska ke da tsabta. A wuri na farko baƙaƙe suka fi tsira, a na biyu kuwa farare. Daga baya wasu sun soki yadda ya tsara gwajin, sai Michael Majerus na jami'ar Kambirij ya sake shi tsakanin 2001 da 2007 da faɗa-wuta 4,864, aka kuma tabbatar tsuntsaye ne ke yin zaɓen. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 hayaƙi ya ragu, itatuwa suka washe, yau baƙin ya koma abin nema a Ingila.

Da muka gama, sai wani yaro ya yi tambayar da ta fi labarin nauyi. Ya ce, "To Malam, idan babu itacen fa?" Muka yi shiru. Na Ingila launin itacensa kawai aka sauya masa, zuriyarsa ta sami yadda za ta yi. Namu kuwa itacen ne ake ɗaukewa gaba ɗaya. Kowa ya san yadda masu injin yankan katako da masu galamsey suka yi wa dazuzzukan ƙasar nan, kuma mu mutanen zango ba za mu ce babu hannunmu ba, tunda da gawayi muke girki, kuma akwai 'yan'uwanmu cikin cinikin katako. Rigar ɓawo ba ta da amfani inda babu ɓawo.

Shawararmu ga iyaye da malaman makarantun boko da na Islamiyya ita ce su riƙa kai yara wannan wuri. Tafiyar ba ta da nisa, ana iya zuwa da safe a dawo kafin magariba. A tafi da ruwan sha da takalmi mai rufi, a kuma hana yara kama ƙwari. Yaron da ya taɓa ganin ɓawo ya tashi sama da idonsa, da wuya ya girma ya ɗauki daji a matsayin tarin itacen wuta kawai.

Allah ya ba mu ikon kiyaye amanar da ya damƙa mana, amin.